Zaɓar wa Yaro Kulob ɗin Lakuros: A Duba Koci Kafin a Duba Kofi

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, filayen wasa na unguwannin da ke kewaye da Baltimore da Philadelphia, da na Long Island a jihar New York, sukan cika da yara 'yan shekara bakwai zuwa goma, kowanne da lamba a bayan riga da sanda mai 'yar raga a hannu. Lokacin tantancewa ke nan, lokacin da kulob-kulob na wasan lakuros ke zaɓen waɗanda za su buga musu a shekara mai zuwa. Masu horarwa na zagayawa da takarda suna 'yan rubuce-rubuce, iyaye na tsaye a bayan shinge sun zuba ido. Bayan 'yan kwanaki saƙo zai shigo wayar uwa ko uba cewa an ɗauki yaro, a biya kafin alƙalami cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba a bai wa wani gurbin. A wannan ɗan taƙin lokaci iyali ke yanke shawarar da za ta ci dubban daloli, ta cinye hutun ƙarshen mako na shekara guda, ta kuma iya zama sanadin da yaro zai riƙe wasan har girmansa ko ya yar da sandar tun bai balaga ba. Ra'ayina a kan wannan shawara guda ne: ga yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba, kulob mafi dacewa shi ne wanda zai sa ya yi ɗokin dawowa fili baɗi. Sunan kulob, yawan kofunansa da jerin tsofaffin 'yan wasansa da suka shiga manyan jami'o'i duk a baya suke zuwa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai iyalanmu da ke zaune a Maryland da New York, waɗanda 'ya'yansu ke dawowa daga makaranta suna roƙon a saya musu wannan sanda, kuma tambayar da ke gabansu ita ce ke gaban duk mahaifin da wata makarantar ƙwallo ta nemi kuɗinsa da alkawarin mayar da ɗansa tauraro. Shi lakuros wasa ne na mutanen da Turawa suka tarar a Arewacin Amurka. Ana cafke ƙwallon roba mai tauri da ragar da ke kan sanda, a ruga da ita, a jefa wa abokin wasa, har a zura ta a ragar abokan karawa. Ƙabilu shida na Haudenosaunee, wato Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora, suna kiransa wasan Mahalicci, kuma har gobe suna buga shi da niyyar neman waraka idan wani nasu ya kwanta ciwo. 'Yan mishan na Faransa ne suka fara rubuta labarinsa a shekarun 1630, daga harshensu kuma sunan ya fito. Wani likitan haƙori na Montreal, William George Beers, ya tsara masa dokoki a 1867, Kanada ta ayyana shi wasan ƙasa na lokacin zafi a 1994, kuma bayan an buga shi a Olamfik na 1904 da 1908, zai koma can a Los Angeles a 2028. Sai dai a Amurkar yau an fi saninsa da wasan makarantun kuɗi da unguwannin masu hali, kuma tsarin kulob na da hannu dumu-dumu a wannan.

Hanya biyu ce a gaban yaro mai son wasan. Ta farko ƙungiyar gari, wadda ƙaramar hukuma ko iyayen unguwa ke gudanarwa: kaka ɗaya a shekara, daga Maris zuwa farkon Yuni, masu horarwar yawanci iyaye ne 'yan sa kai, kuɗin kuma 'yan ɗaruruwan daloli. Ta biyu kulob mai zaman kansa, wanda ke tantance yara, ya biya masu horarwa albashi, ya kai ƙungiya gasanni a wasu jihohi a lokacin zafi da kuma watan Nuwamba, ya ƙara da atisaye a cikin ɗaki lokacin sanyi. Kulob sana'a ce, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ci abinci da abin da ya iya. Amma ya kamata mahaifi ya san inda ribar take fitowa. Tana fitowa daga yawan yaran da aka yi wa rajista, da yawan watannin da suke biya, da yawan gasannin da suke zuwa. Shi ya sa shekarun shiga ke ta yin ƙasa, shi ya sa kulob ɗaya ke buɗe ƙungiya ta ɗaya da ta biyu da ta uku a aji guda, shi ya sa kuma wasu masu shirya gasa ke sharɗanta wa baƙi kwana a otal ɗin da su suka zaɓa. A 2017 mujallar Time ta ƙiyasta harkar wasannin yara a Amurka a kan dala biliyan 15. Binciken Cibiyar Aspen ya nuna cewa a 2024 iyali na kashe dala 1,016 a matsakaici kan babban wasan yaro ɗaya, ƙarin kashi 46 cikin ɗari a kan 2019, kuma lakuros na cikin wasannin da ke sama da matsakaici. Duk wanda ya ce wa mahaifi ɗansa zai makara idan bai shiga bana ba, to a tuna cewa da wannan tsoron yake cika rajistarsa.

Babban haɗarin da ke gaban ɗan shekara takwas shi ne ya gundura ya daina, kuma wannan ya fi makara saurin faruwa nesa ba kusa ba. Wani binciken da Cibiyar Aspen ta yi da Jami'ar Jihar Utah a 2019 ya gano cewa yaro a Amurka kan bar wasan da ya fara kafin ya cika shekara uku yana yi, yawanci a kusan shekara 11, kuma babban dalilin da ake bayarwa shi ne ya daina jin daɗinsa. Me ke kawo jin daɗin? Amanda Visek ta Jami'ar George Washington ta tambayi yara 'yan ƙwallon ƙafa da iyayensu da masu horar da su, aka tattara abubuwa 81 da ke sa wasa daɗi. Waɗanda suka zo kan gaba su ne yaro ya ga ya yi iya ƙoƙarinsa, koci ya mutunta shi, a sa shi a fili, ya kuma shaƙu da abokan wasansa. Cin wasa can ƙasa ya tsaya, abubuwa fiye da talatin sun sha gabansa. Ma'anar wannan a fili take ga mai zaɓen kulob. A wasan maza mutum goma ke shiga fili a kowane ɓangare. Idan kulob ya tara yara ashirin da huɗu a ƙungiya ɗaya, kuma burin kocin ya ɗauko kofi ranar Lahadi, to akwai yaron da za a tuƙa awa huɗu da shi, a kwana a otal, ya zauna a benci cikin rana da kwalkwali a ka, a sa shi minti biyar bayan an gama sanin wanda ya ci. Wannan yaro bai koyi lakuros ba a ranar. Abin da ya koya shi ne cewa ba a buƙatarsa, kuma darasi ne da ke shiga zuciyar yaro da wuri.

Bayan zuciya sai jiki. Ƙashin yaro da guringuntsinsa suna kan girma, kuma maimaita motsi iri ɗaya duk shekara yana gajiyar da su ta hanyar da ba a gani sai ciwo ya bayyana a gwiwa, ko diddige, ko baya. A 2015 likita Neeru Jayanthi da abokan aikinsa a Chicago suka wallafa binciken da suka yi a kan matasa fiye da dubu, inda suka gano cewa waɗanda suka taƙaita kan wasa ɗaya, da waɗanda awannin atisayensu a mako suka fi yawan shekarunsu, sun fi fuskantar munanan raunuka na yawan aiki. A 2016 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a jinkirta tsayawa kan wasa ɗaya har zuwa wajen shekara 15 ko 16, a bar yaro ya huta kwana ɗaya ko biyu a mako, a kuma ba shi jimillar wata uku a shekara ba tare da wannan wasan ba. Jean Côté na Jami'ar Queen's a Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin yadda ƙwararrun 'yan wasa ke tasowa, ya kira tsakanin shekara 6 zuwa 12 shekarun ɗanɗane, lokacin da ya dace yaro ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Saboda haka duk kulob ɗin da ya ce wa ɗan shekara tara lallai ya halarci atisayen kaka da na sanyi da na bazara, ko kuma a ba wani gurbinsa idan ya tafi ƙwallon ƙafa ko ƙwallon kwando, to ya saɓa wa abin da likitocin yaran ƙasar suka faɗa a rubuce. Mahaifi na da ikon ya tambayi wannan tun kafin ya sa hannu, kuma amsar da aka ba shi ta isa ta nuna masa irin gidan da zai kai ɗansa.

Akwai kuma abin da masu tantancewa ba su cika faɗa ba, wato cewa ba wanda ke iya duban ɗan shekara takwas ya san abin da zai zama a sha takwas. Abin da ake gani ranar gwaji galibi girman jiki ne da gudu, su kuwa waɗannan a wannan shekaru sun fi danganta da watan haihuwa. Tun a shekarun 1980 masanin halayyar ɗan Adam Roger Barnsley ya lura cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun yi wa sauran yawa a manyan ƙungiyoyin ƙwallon gora ta ƙanƙara a Kanada, don kawai sun girmi abokan rukuninsu da 'yan watanni a lokacin da aka fara zaɓe. A lakuros matsalar ta ninka, domin yawancin kulob-kulob suna raba yara ne da shekarar da za su gama sakandare, ba da ranar haihuwa ba, wasu iyayen kuma kan sa yaro ya maimaita aji da gangan don ya fi na ajinsa ƙarfi. Sai ka ga tazarar shekara ɗaya da rabi tsakanin yara biyu da ke karo da juna a fili ɗaya. Hukumar wasan ta ƙasa, USA Lacrosse, ta daɗe tana kira da a raba yara bisa shekarun haihuwa saboda wannan. Idan balaga ta zo sai ta sake rabon gaba ɗaya: ƙaton aji uku ya tsaya inda yake, ƙanƙanin da aka tura ƙungiya ta biyu ya miƙe ya wuce shi. Kofin da 'yan shekara tara suka ci shaida ne cewa kulob ya iya tara manyan yara. Ba ya nuna cewa ya iya koyarwa.

To me za a duba? Gani ya kori ji. Mahaifi ya nemi izinin zuwa atisaye na yau da kullum, ba ranar gwaji da aka share fili aka kafa tutoci ba, ya tsaya ya kalli awa guda. Ya lura da tsawon lokacin da yara ke tsaye a layi suna jiran juyi, domin yaro da ƙwallo a sandarsa yake koyo, kuma atisayen da aka raba yara ƙananan rukuni kowa na taɓa ƙwallo ya fi na layi mai tsawo sau goma. Ya lura ko kocin ya san sunan kowane yaro, ya kuma kasa kunne ga abin da yake ce wa wanda ƙwallo ta faɗi daga ragarsa sau uku a jere, domin a nan halinsa ke fitowa. Ya tambayi wane ne takamaimai zai horar da wannan aji, saboda sau da yawa tsohon tauraron da sunansa ke jikin talla yana can wajen manya, ƙanana kuma an bar su da duk wanda ya samu. Ya tambayi yara nawa za a ɗauka, da yadda ake raba lokacin shiga fili, ya nemi a rubuta masa. Ya tambaya ko ana juya wa yara matsayi, ko kuwa tun yanzu an miƙa wa dogon yaro doguwar sandar tsaron baya an ce nan ne wurinsa har abada. Ya nemi jimillar kuɗin shekara, da riga da kwalkwali da safar hannu da otal da man mota, ba kuɗin rajista kaɗai ba. Sannan ya auna nisa, ya ƙirga Asabar da Lahadi nawa za su tafi a hanya, ya tuna da sauran yaran gidan, da Islamiyya ko coci, da barcin yaron kansa. In da hali, ya nemi iyayen da suka bar kulob ɗin, domin su ne ba su da abin karewa.

Batun lafiya kuwa ba a sassauci a kansa, komai kyan koci. Ƙwallon lakuros tauri gare ta, kuma idan ta bugi ƙirji daidai wani ɗan taƙi na bugun zuciya tana iya hargitsa shi nan take. Haka ya faru da Louis Acompora, mai tsaron raga ɗan shekara 14 a Northport ta Long Island, wanda ya rasu a fili a 2000. Rasuwarsa ta sa jihar New York ta yi doka a 2002 da ta wajabta ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a makarantun gwamnati. Daga 2021 aka wajabta wa masu tsaron raga sulken ƙirji da ya cika sabon ma'auni na kare zuciya, daga 2022 kuma aka faɗaɗa shi ga sauran 'yan wasa maza. Don haka mahaifi ya tambaya: ina na'urar take a lokacin atisaye, wa ya iya aiki da ita? Haka batun buguwar kai. Tun daga dokar jihar Washington ta 2009, duk jihohin Amurka sun yi dokoki kan cire yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza daga wasa har sai likita ya sallame shi, amma bin doka ranar wasan ƙarshe ya dogara da kocin da ke tsaye a wurin. Sai kuma amanar yaro. Bayan badaƙalar likitan 'yan wasan motsa jiki Larry Nassar, Amurka ta yi dokar kare yara 'yan wasa a 2018. Ya kamata a san ko an binciki tarihin kowane babba da ke mu'amala da yaran, ko an hana koci keɓewa da yaro ko tura masa saƙo shi kaɗai, da kuma yadda ake kwana a tafiye-tafiye. Kulob ɗin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Masu ganin akasin haka suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lakuros wasan hannu ne, sarrafa sanda da hagu da dama kuwa ya fi zama a jikin wanda ya fara da wuri. Wannan gaskiya ne, sai dai farawa da wuri daban, biyan kulob mai tsada daban. Ƙwarewar sanda a jikin bango ake samunta: yaro ya tsaya gaban katanga ya jefa ya cafke, ɗari da dama, ɗari da hagu, kuma duk kocin kirki wannan zai fara umartar sa da shi. Lyle Thompson, wanda da yawa ke ganin babu kamarsa a zamaninsa, a yankin Onondaga kusa da Syracuse ya tashi, a bayan gida ya goge da 'yan'uwansa, ya ci kyautar Tewaaraton ta gwarzon jami'o'i tare da wansa Miles a 2014, ya sake cinta shi kaɗai a 2015. Jim Brown, wanda ke cikin zauren gwarzaye na lakuros da na ƙwallon Amurka duka biyu, wasanni biyar ya yi a sakandaren Manhasset. Wayne Gretzky, gwarzon ƙwallon gora ta ƙanƙara, yana yaro yakan ajiye takalmin ƙanƙara lokacin zafi ya ɗauki sandar lakuros. Pat Spencer ya ci Tewaaraton a 2019, sannan ya koma ƙwallon kwando har ya buga wa Golden State Warriors. Abin da ɗanyen icce ke buƙata shi ne gudu da tsalle da kauce wa abokin karawa da karanta fili, kuma ƙwallon ƙafa da kwando da kokawa duk suna koyar da su, suna kuma hutar da gaɓoɓin da lakuros ke gajiyarwa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin ita ce ke hana iyaye barci: jami'a a Amurka tsada gare ta, kuma ana ganin kulob shi ne ƙofar tallafin karatu. Nan ma sai a duba lissafi. Samari fiye da 100,000 ne ke buga lakuros a sakandaren Amurka, jami'o'in da ke da ƙungiyar maza a rukunin farko na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA kuwa ba su kai 80 ba, wato kimanin uku cikin ɗari ne ke samun shiga. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce kowace ƙungiyar maza ba ta wuce cikakken tallafi 12.6, ta mata 12, a raba wa 'yan wasa arba'in da wani abu ko talatin da wani abu, don haka mafi yawa gutsure suke samu. Wani sulhun shari'a da aka yi a 2025 ya ɗage wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari, ya maye gurbinta da iyakar 'yan wasa 48 ga maza, 38 ga mata, amma bai tilasta wa kowace jami'a ƙara ko sisi ba. Jami'o'in Ivy irin su Harvard da Yale da Princeton, da duk na rukuni na uku, ba sa ba da tallafin wasa kwata-kwata. Iyalin da ya zuba dubban daloli duk shekara har shekara goma zai iya tarar da cewa da asusu ya buɗe wa yaron da ya fi riba. Gaskiya ne wasan na iya taimaka wa ɗalibi mai kyan sakamako samun gurbi a jami'ar da ke da wuyar shiga, kuma kulob na da amfani sosai a wannan mataki. Amma yaushe matakin yake? A 2017, bisa roƙon ƙungiyoyin masu horarwa na jami'o'i da kansu, NCAA ta haramta tuntuɓar ɗan wasan lakuros kafin 1 ga Satumba na shekararsa ta uku a babbar sakandare, wato yana kusan shekara 16. Sun nemi haka ne domin sun gaji da karɓar alkawarin 'yan shekara 13 da 14 da ba su san yadda za su kasance ba. Idan masu sana'ar sun ce ba sa iya gane ɗan sha huɗu, to babu mai leƙen ɗan takwas.

Hujja ta uku ita ce ta wanda ya ce ƙungiyar garinsu ba ta da ƙarfi, ko yaron da kansa ne ya nace. Wannan na yarda da shi fiye da sauran. A Baltimore ko Long Island, baban da ke horar da yara kyauta wataƙila shi ma ya buga a jami'a, amma a wuraren da wasan bai daɗe da zuwa ba, kamar wasu sassan Texas ko Florida, mai sa kai na iya zama bai taɓa riƙe sanda ba, kulob ne kaɗai inda za a samu wanda ya san abin. Haka kuma akwai yaron da ke kwana da sandarsa, wanda atisaye biyu a mako ba ya isarsa, ya kuma fi jin daɗi cikin waɗanda suka kai shi iyawa. Ban ce a hana irin wannan yaro kulob ba. Cewa na yi a auna kulob ɗin da ma'aunin da ya dace da shekarunsa, daidai ruwa daidai tsaki: na kusa da gida, mai 'yan gasanni kaɗan, mai barin yaro ya buga wa garinsu a bazara ya kuma yi wani wasan a kaka, inda zai shiga fili ya yi gumi. Ƙungiya ta biyu da yaro zai buga rabin wasa ta fi masa ta ɗaya da zai ɗumama benci. Shi kuma mahaifi ya binciki zuciyarsa da gaskiya, ya rarrabe tsakanin son da yaro ke yi wa wasan da son da yake yi wa fara'ar babansa idan ya zura ƙwallo, domin yara sun iya karanta fuska tun kafin su iya karanta allo. Masu cewa ƙofa za ta rufe idan ba a shiga tun aji biyu ba su tuna cewa ana sake tantancewa duk shekara, kuma babu kulob ɗin da ke korar ɗan sha uku mai gudu da iya sanda don kawai bai biya su ba tun yana ƙarami.

Wannan zaɓi bai tsaya a gida ɗaya ba. Duk lokacin da iyalai masu hali suka kwashe 'ya'yansu daga ƙungiyar gari, sukan tafi da masu sa kai da gudummawa, a bar ta ta lalace, sai ɗan talaka ya rasa inda zai fara. Shi ya sa sai da ƙungiyar agaji irin Harlem Lacrosse ta shiga makarantun gwamnati a New York da Baltimore da Boston da Philadelphia da Los Angeles kafin yaran wasu unguwanni suka taɓa sandar. Akwai ƙasar da ta bi wata hanyar. Norway, mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, tana da ƙa'idojin haƙƙin yara a wasanni tun 1987, waɗanda suka hana jera yara bisa matsayi kafin shekara 11, suka kuma hana gasar ƙasa kafin 13. A Olamfik na hunturu na 2018 ta tashi da lambobi 39, fiye da kowace ƙasa. Norway ba Amurka ba ce, kuma arziki da ƙanƙara na da nasu rabon a wannan nasara, amma ta isa shaida cewa barin yara su yi wasa a matsayin yara ba ya hana fitar da zakaru. Sannu ba ta hana zuwa.

A cikin Haudenosaunee akwai iyalan da ke ajiye 'yar sandar katako a shimfiɗar jariri, idan kuma ɗan wasa ya rasu a binne shi da tasa. Mutanen da suka ba duniya wannan wasa suna auna shi da tsawon rayuwa, kuma da wannan ma'auni ya kamata mahaifin ɗan shekara takwas ya karanta saƙon da ke ba shi kwana biyu ya biya. Kada ya bari wa'adin ya yi masa tunani. Ya je ya ga kocin da idonsa, ya ƙirga kuɗin da lokacin, ya yi tambayoyin lafiya, ya zaɓi inda ɗansa zai taɓa ƙwallo ya yi abokai. Bayan shekara guda zai san ko ya dace, kuma ba a jadawalin gasa zai gani ba. Zai gani ne ranar da ba atisaye, ba koci, ba wanda ya ce a yi, ya jiyo ƙarar ƙwallo tana dukan katangar bayan gida.